Rijiyar Dogo a Bayan Mayo Bani

Ladanin unguwarmu bai sauke hannu daga kunne ba muka bar Jimeta. Mu uku ne a tsohuwar Landirobarmu: ni, da direba, da wata tsohuwar Baturiya mai sanda da hular malafa. Direban ya tsani tashin asuba, don haka har muka haye gadar Binuwai tsaki kawai yake yi wa giyar mota duk sanda ta ƙi shiga.

Ga wanda bai san sana'armu ba, ɗan ƙaramin kamfani ne muke da shi a Yola, ni da abokin kasuwancina, muna kai baƙi yawon buɗe ido a faɗin Gongola. Da can duwatsu da namun daji muke nuna musu. Daga baya wata ƙungiya daga Turai ta fara aiko mana matasa 'yan sa-kai, su yi hutu su kuma yi aiki: a gina aji a nan, a haƙa rijiya a can, su koma gida da kanta a hannu da hotuna cike da jaka. Ɓangaren Mubi abokina ne ke zuwa, ni ban taɓa hawa duwatsun ba. Wannan karon ciwon baya ya kwantar da shi, shi ne tafiyar ta faɗo kaina.

Tsohuwar kuwa ba yawo ya kawo ta ba. Ɗanta yana cikin ayarin farko da muka taɓa karɓa, shi ya jagoranci haƙa rijiya a wani ƙauye kan dutse, can bayan Mayo Bani. Mutanen ƙauyen suka sa masa suna Dogo. Ya koma ƙasarsu da zazzaɓi a jiki, kwanciyar da bai tashi ba ke nan. Yanzu uwar ce ke da ta cewa a ƙungiyar. Bayan damina za su kawo injin haƙa burtsatse guda ɗaya tak, kuma ita za ta nuna ƙauyen da zai je. Ta ce ba za ta nuna ko'ina ba sai ta ga rijiyar ɗanta da idonta.

A Song muka karya. Kunun gyaɗa ne mai kauri da ƙosai, sai dai ƙosan bana ya rame, wanda bara ake ba ka biyar a sule yanzu uku ne, su ma sai ka ɗaga su ka hangi rana ta ciki. Na yi wa mai suyar ƙorafi, ta ce in je in tambayi masu sayar da mai. Baturiyar ta shanye kununta tas, ta nemi ƙari. Daga nan hanya ta fara halinta: kwalta ta yi nisa kaɗan sai ta ɓace, ta sake ɓullowa gaba kamar ba ita ba. 'Yan sanda a Gombi suka leƙo, suka ga furfura da farar fata, suka sara mata suka ce mu wuce. Direba ya ce daga yau ba zai ƙara tafiya babu tsohuwar Baturiya a mota ba.

Tsakiyar bazara ce, zafi kamar a bakin murhu. Duk mayon da muka tsallaka, wato rafi a bakin mutanen can, yashi ne zalla, mata sun tona ramuka a ciki suna kwalfar ruwa da ƙoƙo. Daga Hong duwatsu suka fara tasowa, baƙaƙe, wasu a ɗore kan wasu. Tsohuwar ta manne da taga tana kallonsu har Mubi.

A Yelwa muka sauka, wani masauki mai tsafta da fanka wadda ke juyawa idan an ga damar kawo wuta. Mubi gari ne mai daɗin kasuwa. Atamfar Kamaru, sabulu, turare, sefa da naira suna canza hannu a tsaye, 'yan Barno na ciniki da Kanuri, makiyaya da Fulatanci, mutanen dutse da nasu harsunan, in an rasa mahaɗa sai a faɗo Hausa. Hausar kuwa babu ruwanta da mace ko namiji, kowa "ya zo" ne. Da yamma muka ci tuwon dawa da miyar yakuwa a Nassarawo, har yau bakina bai manta ba. Ƙafafun tsohuwar sun kumbura saboda zaman mota, muka shirya ta huta washegari, jibi a hau dutse. Abokina ya riga ya aika wa ƙauyen ranar zuwanmu ta bakin 'yan kasuwa, haka yake yi duk shekara. Ni kuma na ce ba zan zauna ina kallon fanka ba, gara in je in ga hanyar da zan bi da tsohuwa mai sanda.

Da hantsi muka wuce Mayo Bani, muka ajiye mota a gindin dutse, ni da direba muka kama turba. Gonakin can hawa-hawa suke, an tare kowace da jeren duwatsu don kada ruwan sama ya kwashe ƙasa. Muna hawa ina haki, direba yana yi mini dariyar tumbi. Da muka shiga ƙauyen dariyar ta tsaya.

Babu kowa. Ba ƙarar turmi, ba hayaƙi, ba kukan yaro. Na yi sallama a gida na farko, shiru. Na leƙa, murhu a sanyaye, tukwane a kife, awaki a ɗaure ba ruwa a gabansu, sun zuba mana ido ba su ko yi kuka ba. Gida na biyu haka, na uku haka. Wani kare yana kwance a ƙofar majami'a, ya ɗago kai ya dube mu ya mayar. Rana tsaka ce fa, ko'ina haske, amma wallahi tsikar jikina ta tashi. Direba ya matso kusa da ni har kafaɗarmu na gogar juna.

Sai muka ji ƙarar. Daga ƙarƙashin ƙasa take fitowa, wani irin ruri mai zurfi, ya ɗan daɗe ya yanke. Shiru. Ya sake tasowa. Direba ya fara karanto duk abin da ya zo bakinsa, ya ce mu koma. Ni ma ƙafata komawar take so, girman kai ne kawai ya tura ni gaba.

Muka zagaya bayan rumbuna, ga rijiyar. Na gane ta nan take, don hotonta na manne a bangon ofishinmu: bakin siminti, da tambarin tafin hannun Dogo a gefe. Daga can ƙasan dutse kuma, ta wata siririyar turba, mata ne ke hawowa a jere, kowace da tulu a ka. Tsofaffi, 'yan mata, masu goyo, har da mai ciki. Wadda ta iso bakin rijiya sai ta sauke tulunta, ta karkata shi, ta juye ruwan gaba ɗaya a ciki, ta juya ta kama hanyar gangara. Ƙarar da muke ji ke nan.

Na gaishe su. A ƙasar da ake tsayar da kai a gaishe ka har a tambayi lafiyar akuyarka, ko ɗaya ba ta amsa ba. Ba su ma dube mu ba. Suna wuce mu dab da dab, ina jin numfashinsu, ina ganin jijiyar wuyansu ta miƙe, leɓɓansu sun bushe sun tsage, ga ruwa a kansu amma ba wadda ta kurɓa. Ban taɓa ganin mutane da yawa haka babu murya ko ɗaya ba, kuma ba na fatan in ƙara gani.

Wata dattijuwa na zaune a kan dutse gefen rijiyar, gammonta a cinya. Sai da jeren ya yanke sannan ta ɗago ta dube ni. Matar mai garin ce.

"Kai ne sabon mai baƙi?" in ji ta. "Ka zo da wuri."

Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Mama, me nake gani haka?"

Ta ce ƙasan rijiyar fa ne, wato shimfiɗaɗɗen dutse, kuma a fashe yake. Da damina takan riƙe ruwa kaɗan, da an yi girbi sai ta ƙafe. Duk shekara idan saƙo ya zo cewa baƙi na tafe, maza su sauka mayo su tona yashi, mata su yi ta jido tun ana gobe, don ruwan guduwa yake ta tsagar, sai an yi ta ƙarawa har safiyar zuwan. Yara da marasa ƙarfi akan kai su gindin dutse kusa da mazan da ke mayo, shi ya sa garin ya zama kufai. Shirun kuma, ta ce ruwan mamaci ne, ba a magana da shi a ka, ba a kuma sha.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Mama, shekara da shekaru? Me ya hana ku faɗa?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar yara. "Yaron nan Dogo ya ci tuwo a gidana. Ya kira ni Mama. Hannunshi ya fashe a wannan rami. Ya tafi ya mutu. In tsaya gaban mutanenshi in ce aikinshi ma ya mutu?" Ta ɗora gammo a ka, ta miƙe da kyar. "Gobe mamanshi zai zo. Ka riƙe bakinka, ɗana."

Na ce na riƙe. Da wannan bakin nawa na faɗa, direba shaida ne.

Muka kama hanyar komawa. Haushin abokina nake ji, da haushin hoton nan na bangon ofis wanda muke nuna wa duk baƙon da ya shigo. Direba ya ce shi dai gobe a mota zai zauna. Na ce zai hau ko ya nemi wani aikin.

Washegari kamar an canza ƙauyen. Hayaƙi na tashi a kowane gida, ganguna tun daga rabin hanya, matan majami'a da anko suna waƙa, yara na tsalle. An turo jaki aka ɗora tsohuwar, ta hau tana dariya tana riƙe da malafarta. Matan jiya ne dai, na gane fuskokinsu, yau suna guɗa suna gaishe ni da sunan mai baƙi. Wannan ya fi shirun jiya tsorata ni.

Aka kai ta bakin rijiya. Ta ɗora tafin hannunta a kan tambarin na ɗanta, nata ya shige ciki ya bar fili. Mai gari ya zura guga. Muka ji ta faɗa ruwa, ya jawo ta cike tana zuba. Sai na ga sandar tsohuwar ta suɓuce mata. Ta kama hannuna ta ce mini da Turanci, a hankali, wai ɗanta yana kan gadon asibiti ya gaya mata sun ci karo da fa, rijiyar ba za ta kai bazara ba. Ta ce da wannan baƙin cikin ya cika, yana cewa ya bar mutane da rami. Ita zuwa ta yi ta ba su haƙuri, ta kuma turo musu injin. Ga shi a tsakiyar bazara guga ta fito cike.

"Ashe kuskure ya yi," in ji ta, hawaye na bin kumatunta. "Ashe ya samu ruwan."

Aka zuba mata a ƙwarya ta sha, ta wanke fuska. Sannan ta juya ga jama'a, ta ce in fassara. Ta gode musu da suka riƙe rijiyar ɗanta da kyau. Ta ce tunda Allah ya ba su ruwa, injin da ta yi niyyar kawowa nan za ta tura shi wani ƙauyen da ba su da ko ɗigo.

Ni ne tafinta, ba yadda zan yi. Na faɗa da Hausa, kalma bayan kalma, ina kallon matar mai gari. Mai ganga ya ɗauke hannu. Waƙa ta mutu a bakin mata. Shirun jiya ya dawo ya sauka a kan taron, da ankonsu da komai. Mai gari ya dubi matarsa, matan duk suka dube ta. Na ga mai cikin nan ta kai hannu ta shafa bayan wuyanta. Kalma ɗaya ake jira daga bakin dattijuwar, injin ya zama nasu.

Ta gyara ɗaurin zanenta, ta ce, "Allah ya ba su ruwa mai daɗi."

Aka ce amin. Mai ganga ya ci gaba.

Ban iya cin abincin da aka kawo ba. Muka sauko da la'asar, a mota tsohuwar tana ta ba direba labarin ɗanta da Turancin da ba ya ji, shi kuma yana ta gyaɗa kai yana satar kallona ta madubi. Tunda muka baro Yola ban ga fuskarta ta sake haka ba. Ga uwa ta samu abin da zai raka ta kabari da sanyin zuciya, ga alkawarin da na ɗauka a durƙushe, ga kuma mai ciki da tulu a ka tana hawan dutse, bana da baɗi da baɗin waccan. Ina ta juya su a raina har Yelwa.

Bayan magariba na same ta a barandar masauki tana shan shayi. Na zauna na gaya mata komai, tun daga awakin da ke ɗaure har ruwan da ba a magana da shi a ka. Ban ƙawata ba, ban rage ba. Ta ajiye kofin. Na ga farin cikin ya zube daga fuskarta a gabana, ni na zubar da shi, kuma na ji ciwon haka har cikin ƙashina.  Daga baya ta ce gobe in mayar da ita, kada a aika wa kowa.

Hawa na uku babu jaki, babu ganga. Ni da direba muka riƙe ta hagu da dama, muna tsayawa a kowace inuwa. Ƙauyen yana harkarsa ta kullum, ana daka, yara na wasa, sai dai duk wanda ya hango mu sai ya tsaya cak da abin da ke hannunsa. Ba wanda ya tare mu, ba wanda ya biyo mu.

Muka leƙa rijiyar tare. Rana na tsaye, haske ya kai har ƙasa. Babu ruwa. Baƙin fa ne da tsaga ta ratsa shi, da ɗan laima a gefe ɗaya. A cikin laimar akwai wani ɗan kifi, ƙarami kamar yatsa, irin na ramukan mayo, wanda ya biyo tulun wata. Yana buɗe baki yana rufewa. Muna ji daga sama duk sanda ya buga jela a kan dutsen.

Ban ji zuwan matar mai gari ba, ganinta kawai na yi a gefenmu. Tsofaffin biyu suka dubi juna. Na buɗe baki zan yi aikina na tafinta, Baturiyar ta ɗaga mini hannu. Suka zauna a bakin simintin, kafaɗa da kafaɗa. Can Baturiyar ta kai hannu ta taɓa tsakiyar kan dattijuwar, inda gammo ya cinye gashi, ta bar hannun a nan. Ɗaya ta fara kuka, ɗayar ta biyo ta. Ni da direba muka koma bayan rumbu muka ba su wuri.

Da za mu tafi Baturiyar ta ce in gaya wa mai gari injin nan zai zo, kuma wannan karon mutanen garin ne za su nuna inda za a haƙa. Na faɗa. Ya yi godiya. Na je na durƙusa gaban matarsa na ce, "Mama, mun kama hanya." Ba ta dube ni ba. Direba ta kira, ina durƙushe a gabanta.

"Gaya wa oganka, inji ya zo, mun gode. Amma shi kar ya hau dutsen nan kuma. Ya buɗe mamaci a gaban mamanshi."

Washegari muka kamo hanyar gida. A Song mai ƙosai ta gane ni, ta ƙara mini ɗaya don tsokana, ban iya mayar mata da wasan ba. Tsohuwar ta yi barci tun daga Gombi. Da yamma muka shiga Jimeta, na sauke ta a otal, na wuce gidan abokina na same shi kwance a tabarma, na zazzage masa abin da ke cikina. Ya rantse bai taɓa sani ba, kuma na yarda da shi. Ta ina zai sani, mutumin da bai taɓa zuwa ba sai ya aika tukuna?

Abin da na koyo ke nan, ku da kuke wannan sana'a tare da mu. Baƙinmu sukan zo da kyakkyawar niyya, su yi aiki tsakani da Allah, su tafi. Waɗanda aka yi wa aikin su ke zama da shi, kuma mutanen kirki ba za su taɓa ce wa baƙo kyautarsa ta lalace ba, gara su ɗauke ta a ka. Mun daina haƙa komai sai masu wurin sun nuna da hannunsu. Duk inda muka taɓa kai 'yan sa-kai, za mu riƙa komawa da rani ba tare da aike ba, mu leƙa. Har yanzu ban san ko daidai na yi wa matan nan biyu ba, na dai san da za a sake, haka zan sake yi.

Injin zai hau dutsen bayan damina. Direba ne zai raka shi, ni zan tsaya a gindi wajen mota.